Dokta Mujitaba Ghali Kiru da Saɓanin Kwantar da Yara a Teburin Tiyata

An haifi marigayi Dokta Mujitaba a garin Kiru a shekarar 1957. Mahaifinsa shi ne Malam Ghali, manomi kuma malamin allo, mahaifiyarsa kuwa Malama Barakatu ce, mutuniyar Ɗansoshiya.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi firamare a Kiru da sakandare a Kano, sannan ya kammala karatun likita a Zariya a 1983.

Aiki da Iyali

Ya yi aiki a Tudun Wada da Doguwa, ya auri Hajiya Kaltume ta Bebeji a 1988, aka kuma mayar da shi Kano a 1995. A can ya ƙware wajen cire wa yara tsakuwar ƙoda ta ƙaramar kafa da ake hudawa a gadon baya, bisa aƙidar cewa dole a kifa yaro rub da ciki kafin ƙoda ta samu yadda ake so.

Saɓani

A 2012 ɗalibinsa, Dokta Bature, ya dawo daga ƙarin ilimi da ra'ayin a bar yaro rigingine, a tokare kwiɓinsa da filo, a huda kafar ta kwiɓin, domin a fi samun damar kula da numfashinsa. Marigayi ya kira wannan lalaci. Sashen tiyatar da suke aiki ya rabu biyu, har aka daina shan shayi a ofis ɗaya.

Jinyar Safara'u

A 2015 aka gano tsakuwa ta toshe ƙodar autarsa Safara'u, mai shekara bakwai, wadda take fama da asma tun tana goye. Likitar da ke sa majiyyata barci ta bayyana cewa ba za ta lamunci numfashin yarinyar ba muddin aka kifa ta, kuma ba al'adar likitoci ba ce uba ya yi wa 'yarsa tiyata. An ruwaito cewa marigayi ya tare ɗalibin nasa a ƙofar ɗakin tiyata ya ce, "Bature, ka kwantar da ita."

"Yallaɓai, yadda ka koya mini, ko yadda na lalace?"

"Yadda ka lalace."

An yi aikin lafiya. Marigayi bai taɓa furta cewa ya sauya ra'ayi ba, sai dai daga wannan shekara ya riƙa barin yara rigingine, yana mai kafa hujja da cewa juya yaro aiki ne mai wahalar da ma'aikata.

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a 2017, ya koma Kiru noman albasa, sana'ar da babu mai yi masa gardama a cikinta. Ya rasu ranar wata Laraba cikin Rajab na shekarar 2023, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa bayan La'asar, Dokta Bature na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Allah ya jiƙansa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Kamilu, Hasiya, Badruddeen, da Safara'u, wadda tabonta yake a kwiɓi.