Ɗumin Kujerar Dorcas

Vina Tizzard ta yi furfura tana bin tsofaffi da rikoda. Aikinta ke nan tun tana budurwa. Masu haɗa ƙamus na Turancin mutanen Newfoundland, a ƙasar Kanada, su tura ta ƙauyukan masunta, ta zauna a kicin ɗin mutane, a cika ta da shayi da burodi mai maɗi, ita kuwa sai tambaya. "Baba, me kuke ce wa ƙanƙarar nan da ke manne a bakin gaɓa?" Tsoho ya ce ballicatter. Ta ce a ina ya ji? Ya ce wurin kakansa mana, da a kasuwa zai saya? Ta koma birni da faifanta, malamai su yi ta bin sawun kalmomi, wata su kai ta har yammacin Ingila, wata Ireland, inda kakanni suka taso da su a jirgin ruwa.

Ƙamus ɗin yana da doka guda wadda ba ta lanƙwasuwa. Kalma ba ta shiga sai an ji ta a bakin mutum biyu waɗanda ba daga gida ɗaya suka koye ta ba. To a nan gizo ke saƙar, don Vina tana da tata kalmar, kuma ita kaɗai ce shaida.

Mahaifiyarta, Dorcas, idan ta tashi daga kujerar gefen murhu takan ce, "Zo ki zauna, 'yar nan, tun lewlin bai huce ba." Lewlin shi ne ɗumin da mutum ke bari a wurin zama in ya tashi. Vina tana shekara goma sha biyu aka tashi mutanen tsibirinsu, aka jawo gidajen katako a kan teku zuwa babban gari. Dorcas ba ta ga hunturu na biyu a can ba. Dangi suka watse, wasu Toronto, wasu kabari. Abin da ke cin Vina a rai, wallahi, shi ne ta ɗauki muryar tsofaffin duniya duka, amma ta uwarta ko tari ba ta da shi. Kwanan baya ma ta lura muryar ta fara ɓace mata a kunne. Kalmar nan kaɗai ta rage, kuma ta san in ta mutu da ita a baki, shi ke nan.

Ta yi bincike iya ƙarfinta. Ta gano lew tsohuwar kalma ce ta wurin da iska ba ta bugu, mai ɗan ɗumi. Asali dai ga shi nan, shaida ce babu. Shugaban aikin, Dokta Hewlett, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Vina, har yanzu marainiyar kalmar taki ba ta samu dangi ba?"

"Za ta samu, Dokta. Kai ma ai sai da ka yi sanƙo aka samu mai aurenka."

Kuma ba ta taɓa saka wa kowa kalmar a baki ba. Haramun ne a aikinsu. Tsoho in yana son faranta maka, ko me ka faɗa sai ya ce ai kakarsa ma haka take cewa. Sai dai ta kwatanta, ta jira. Su kalle ta su ce, "Ɗumin kujera? Yo wannan ma har suna gare shi?"

Tana gab da ajiye aiki aka tura ta gidan kula da tsofaffi a Grand Bank, wurin wani tsohon masunci, Eli Pardy, don ta ji sunayen ƙullin raga. Ta same shi zaune a kujera a bakin taga yana kallon teku. Ta kunna rikoda tana gaisuwa, sai ya dogara sanda ya koma gado.

"Zauna nan, yarinya. Akwai sauran lewlin, kar ya tafi a banza."

Ta zauna, kujerar kuwa da ɗuminta. Ga faifai yana juyawa, ga baki na biyu, a garin da ba ta da kowa. Da ta yi shiru da magana ta ƙare. Amma tambayar nan ta zame mata jiki, kuma ba ta taɓa tsallake ta ba.

"Baba, a ina ka ji wannan kalmar?"

"Oho! Ba tamu ba ce. Wata bazara na yi kamun kifi tare da wani mutum a tsibirin can da aka tasa. 'Yarsa ce ke faɗa, Dorcas. Ja'irar yarinya! In ta tashi ta ce in zauna a lewlin ɗinta, wai shi kaɗai zan samu a wurinta. Haka kuwa aka yi, wani Tizzard ya kasa ni, ya aure ta."

Vina ta san abin da hakan ke nufi. Gida ɗaya ne, baki ɗaya. Kalmar ba za ta shiga ƙamus ba, yau ko gobe. Ta kai hannu za ta kashe rikoda, sai ta fasa.

"Baba, yaya take faɗarta?"

Tsohon ya karkata kai, ya siranta murya, ya ja farkon kalmar, ya ƙarasa da 'yar dariya ta hanci. Wayyo Allah, ita ce. Haka take yi, har dariyar.

"Lafiya, yarinya? Kuka kike?"

"Ni ce 'yar Dorcas, Baba," ta ce, ta matsa da rikodar kusa da bakinsa. "Don Allah sake faɗa."