Ɓawon mangwaron Gwaggo

Gwaggona, yayar babanmu, ba gona gare ta ba, ba shago. Bishiyar mangwaro ɗaya ce a tsakar gidanta, ita ta riƙe ta tun rasuwar mijinta. Da ita ta ci ta sha, da ita ta yi wa ɗanta karatu har ya samu aiki a ɗakin binciken wata jami'a, yana wanke kwalabe. Mu dai Likita muke ce masa, shi kuma bai taɓa hana mu ba.

Wani hutu da ya zo, ya baje a inuwar bishiyar yana ba maƙwabta labari. Wai akwai sinadarin da suke tacewa daga ɓawon itacen mangwaro. In aka samo guntun jijiyar jini da aka cire wa mutum wurin tiyata, aka rataye shi cikin gilashi aka ɗiga masa sinadarin, sai ka ga ya saki, kamar yadda maganin hawan jini yake sa shi. Cikin gilashi ya ce, na ji da kunnena. Amma mai hawan jini abin da yake so shi yake ji.

Washegari telan unguwarmu ya yi sallama da wuƙarsa. Bayansa matar direba, sai surukarta, sai waɗanda ko fuskarsu ba mu sani ba. Kowa ɗan ɓawo kaɗan yake so, kamar tafin hannu. Gwaggo kuwa ba a halicce ta da a'a a baki ba. Na ce ta rufe ƙofa, ta ce ina ita ina hana mara lafiya magani, me mutane za su ce. Na yi ta masifa har aka sa mini suna mai baƙin ciki.

Sun ga banza, suka ɓare gindin kaf, ya koma fari fat kamar ƙashi. Bana bishiyar ta yi fure kamar abin arziki, sai furen ya zube, ganye ya bi baya. Da aka kira Likita a waya cewa ya yi ai shi ba haka ya ce ba. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban yafe masa ba.

Da tsufanta Gwaggo ta koma wankau, cikin rana, a tsakar gidan da ba sauran inuwa. Ciwon kai ya matsa mata tana ɓoyewa, har ranar da ta faɗi a bakin famfo. A asibiti aka ce jininta ne ya hau, ɓarin jiki ya shanye.

Tela na cikin masu dubiya na farko. Ya zauna bakin gado, ya kalle ta ya girgiza kai.

"Ke ma dai Gwaggo da sakaci. Magani a tsakar gidanki, ko sau ɗaya ba ki sha ba?"

Bakinta ya karkace, ba damar amsawa. Sai ta ɗaga hannun da ya rage mata, ta yi masa godiyar zuwa.