Saƙon da Na Riƙe a Garnada

Ni tun farko ban so tafiyar ba. Hutun babbar salla ne, zafin Doha ya kai inda ko murfin mota ba ya taɓuwa, abin da nake so kawai in kulle kaina a ɗaki a unguwar Bin Omran in rama barci. Amma Dakta ya sa ni gaba. Haka nake kiransa, shi kuma ya ce mini Injiniya, in tsiyarsa ta motsa ya ce Bazazzagi. Bakano ne, malamin jami'a. Ɗaki ɗaya muka raba a unguwar Mansura lokacin da muka zo ƙasar, katifa biyu a ƙasa da tukunyar lantarki, kafin kowa ya samu wuri ya kawo iyalinsa.

Tun a wancan ɗakin yake damuna da zancen Garnada, tsohon birnin Musulmi a ƙasar Sifen. Bara waccan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, aka yi masa aiki a jijiyar zuciya, likitoci suka ce ya guji duk abin da zai tayar masa da hankali. Da ya miƙe sai ya ce, "Injiniya, kafin zuciyar nan ta sake yi mini wasa, zo ka raka ni in ga garin nan." To me zan ce? Na tashi muka nemi biza.

Da muka sauka na sayi layin waya na can. Shi ya ƙi. "Naka ya ishe mu," in ji shi, ya tura wa gidansu lambar. Na ce rowar Kanawa har Turai ta biyo mu. Saboda haka wayarsa ba ta da rai sai mun koma masauki, ko na kunna masa intanet daga tawa.

Ranar da za mu shiga tsohuwar fadar da ke kan dutse muka fito da sassafe. Hanyar hawa ce, an shimfiɗa ta da ƙananan duwatsu, bishiyoyi sun rufe ta, ruwa na gangarowa ta gefe. Yana gaba yana haki yana ba ni labarin sarakunan da ban tambaye shi ba, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Na ja baya na ɗauka.

Yayan Dakta ne, babba a gidansu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yana kusa da kai?"

"Yana gaba kaɗan, Yaya."

"To ka daure, kada fuskarka ta nuna. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa bayan asuba."

Na buɗe baki zan yi salati, na haɗiye shi. Hajiya mahaifiyarsu ce. Ni ma na sha cin dambun naman da take aiko masa.

Yaya ya ce za a yi jana'iza bayan azahar. "Ko jirgi ne a ƙofarku ba zai same ta ba. Ka san zuciyarsa. Amana na ba ka: kada ya ji sai an kai ta, sai ya ci abinci, ya sha maganinsa, yana zaune. Kuma kada ya ji a waya."

Haka ake yi a wurinmu. Ba a jefa wa mutum mutuwar uwa a kan hanya. A nemi wanda ya fi kusa da shi a ɗora masa, shi zai san lokacin. Na sha ganin an yi, ban taɓa tunanin nauyinsa ba sai da ya sauka a kaina, a garin da ban san kowa ba, ban san ko ina asibiti yake ba.

"Wa ya kira?" Dakta ya tambaya.

"Wurin aiki ne. Ba sa barin mutum ya huta."

"Khalas, shi ke nan, kashe ta. Yalla, mu je, lokacin shigarmu zai wuce."

Muka shiga. Ba zan yi ƙarya in ce na ga fadar nan ba. Na san akwai tsakar gida mai dogon tafki, akwai zakunan dutse da ruwa ke fita ta bakinsu, akwai bangaye da aka sassaƙe tun daga ƙasa har rufi kamar aikin wuyan babbar riga. Amma ni bayan Dakta nake kallo. Shi kuwa ya zama yaro. Ya bi rubutun Larabcin bango da yatsa a iska yana karantawa da ƙarfi, har wasu tsofaffin Turawa suka bar mai yi musu bayani suka biyo shi. Ya tsaya gaban zakunan ya ce in ɗauke shi hoto.

"Kai, wannan wane irin hoto ne? Bazazzagi dai ko a Turai Bazazzagi ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wallahi a lokacin haushinsa na ji, haushi na gaske. Na ji kamar in daka masa tsawa ya rufe bakinsa. Sai kuma tausayi ya kama ni har na kasa kallonsa.

Da muka fito wani lambu mai bishiyoyin rumman ya miƙo mini hannu.

"Kunna mini intanet. Hajiya zan kira ta ga wurin nan da idonta. Kullum cewa take yawon banza nake."

Na san abin da ke jiransa a wayar nan. Dangi, ɗalibai, 'yan unguwa, kowa ya riga ya rubuta ta'aziyya. Da ta samu layi za su zubo masa gaba ɗaya, yana tsaye a kan dutse.

"Data ta ƙare," na ce.

"Wadda ka saya shekaranjiya?"

"Ta ƙare na ce maka! Kai da ka ƙi sayen taka ne za ka tuhume ni?"

Ya dube ni, ya mayar da wayarsa aljihu. "Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya."

Daga nan wahalar ta koma ta gidajen abinci. Garin ko'ina akwai wurin shan shayi, kuma kowanne ya manna takardar intanet kyauta a ƙofa. Ya nuna wannan, na ce ya cika hayaniya. Ya nuna wancan, na ce ban yarda da namansu ba. Na ja mai ciwon zuciya muka gangara, muka haura tsohuwar unguwar da ke fuskantar fadar, lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Zariya, ina tsayar da shi kowane lokaci ya huta. A ƙarshe na samu wani ɗan shago na mutumin Maroko, teburi biyu a waje, babu wata takarda a ƙofa. Na sa aka kawo masa tasa cike.

"Ci."

"Kai fa?"

"Cikina ba daɗi. Ka cinye. Ina maganinka?"

Ya ɗago ya ƙura mini ido. Ya ci a hankali, ya ɓallo ƙwayoyinsa ya sha. Tun daga nan surutunsa ya ɗauke.

Akwai wani ƙaramin masallaci a saman unguwar. Muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya. Muna idarwa wayata ta girgiza a aljihu. Na leƙa a ɓoye. Yaya ne: an dawo daga maƙabarta.

A harabar masallacin akwai benci da ke kallon fadar. Na ce mu zauna. Duk kalmomin da na shirya tun safe suka gudu. Na fara yadda na ji manya na farawa.

"Dakta, ɗazu Yaya ne ya kira. Jikin Hajiya ne ya ɗan..."

"Injiniya." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ma na taɓa ciyar da mutum kafin in gaya masa. Faɗi."

"Sai haƙuri. Allah ya karɓi abarsa."

Ya yi ta maimaita innalillahi. Na riƙe masa wuyan hannu ina jin bugun jininsa, ina addu'a a raina kada a yi biyu. Bai faɗi ba. Hawaye kawai ke bin gemunsa. Can ya ce, "An kai ta?"

"An kai ta."

"Lokacin da nake cin abinci?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ka bar ni na tsaya," ya ce. "Ko a gefen titi ne. Suna tsaye a kanta a can, ni ma in fuskanci gabas a nan. Shi ke nan abin da na rasa."

Na ce Yaya ne ya ba ni amana. Ya ce ya sani. Bai ƙara kalma a kai ba, har muka koma masauki, har ya hau jirgi zuwa gida, ni kuma na dawo Doha ni kaɗai.

Mutane sun yi ta ce mini na kyauta. Wasu 'yan boko a wurin aiki kuma suka ce ba ni da hurumin ɓoye wa mutum mutuwar uwarsa. Waɗannan na ce su rufe mini baki, ba su ne suka riƙe hannunsa ba. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne shirun Dakta. Ya dawo daga Kano, na je gidansa a unguwar Al Rayyan tare da jama'a muka yi ta'aziyya, ya amsa mini kamar yadda ya amsa wa kowa. Babu Bazazzagi, babu tsiya. Na ce a raina shi ke nan, na tsare masa zuciya na rasa aboki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a jikin motata. Ya buɗe ya shiga ba tare da ya tambaya ba. Na kunna sanyi muka zauna, ban tayar da motar ba.

"Yaya jikin Inna?" ya tambaya. Mahaifiyata yake nufi, tana Zariya, tsufa ya kama ta.

"Da sauƙi."

"Da na je gida ƙaninka ya zo mini gaisuwa. Ya karɓi lambata." "Ka san abin da ya sa. In ranar ta zo, ni za a kira. To gaya mini tun yanzu, yaya kake so in yi maka?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ka gaya mini nan take," na ce. "Ko ina nake, ko me nake yi."

Ya daɗe yana kallon titi ta gilashi. Sannan ya girgiza kai.

"Tun a jirgi nake gwadawa a raina," ya ce. "Wallahi, Bazazzagi, ba zan iya ba. Sai ka ci abinci."