Hotunan Ɗakin Hajiya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata Alhamis, na miƙa wa Inna wayata ta kalli hotunan sunan da aka yi a unguwar Madagascar. Na shiga madafa duba shinkafa. Ko da na fito, ta wuce hotunan suna, yatsanta ya tsaya a kan wani ɗaki mai koren labule.

A lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina koyon aiki a ofishin wani mai kimanta gidaje. Yakan auna gida, ya duba bango da rufi, ya rubuta darajarsa. Ya ɗauke ni ne saboda a unguwar Briqueterie akwai gidajen da baƙo namiji ba ya wuce zaure. Shi ya tsaya waje da takardunsa, ni in shiga da mitar awo da waya. Tun ranar farko ya gaya mini da Faransanci cewa abin da muka gani a gidan mutane nasu ne, ba namu ba. Na rubuta a littafina, har na ja layi. Ƙa'idar ita ce in tura hotuna ofis, in goge. Wannan karon na bar su, don awon wata taga bai yi mini daidai ba, ina so in sake dubawa.

"Ai ɗakin Hajiyar bayan masallaci ne wannan," in ji Inna. "Tare muka sayo labulen nan a kasuwar Mokolo."

Hajiya ƙawarta ce tun ba a haife ni ba. Marigayi mijinta dillalin shanu ne a kasuwar Etoudi. Duk unguwa an san kabad ɗinta na tangaran, har amare ake kawowa su gani. Amma ta daɗe tana karɓar baƙi a tsakar gida. A hoton, kabad ɗin wayam yake, sai faranti uku.

"Sayar da gidan za ta yi?"

"Inna, ba zan iya faɗa ba."

"Ni ce fa. Ko ni ma sai na cike takarda?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Na san dalilin kimantawar, kuma ko a nan ba zan rubuta shi ba. Ta kife wayar, ta ce shinkafa na ƙonewa.

Inna ba magulmaciya ba ce, amma mata na shige da fice a gidanmu sayen kunun gyaɗa, kuma kalma ɗaya ta isa ta tona asirin da Hajiya ta daɗe tana rufewa. Washegari na gaya wa maigidan ofis. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce, "Ba ni kika yi wa laifi ba. Je ki gaya wa mai ɗakin. In ta ce ki bar aikin nan, kin bari."

Kwana huɗu ina wucewa ta ƙofar gidanta, in rage tafiya, in kasa shiga. Ran Talata na yi sallama. Na same ta tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da na haddace tun daga gida. Ba ta katse ni ba, hannunta ma bai tsaya ba.

"Hajiya, in bar aikin?"

Sai da ta zubar da tsakuwar da ke tafinta sannan ta dube ni.

"Uwarki ta riga ki zuwa. Shekaranjiya ruwa ya kore mu daga tsakar gida, dole muka shiga ɗaki. Ta zauna har la'asar tana mitar tsadar tumatir, ba ta ɗaga ido ta kalli kabad ɗin ko sau ɗaya ba. A nan na gane ta gani, na kuma gane ba za ta faɗa ba. Koma aikinki, 'yar nan. Amma in an sake aiko ki gidan mutane, ki tafi da wayar ofis, ba taki ba."