Baban Kwanye a Cikin Ƙanƙara

Wata ranar Asabar cikin watan Maris na shekarar 2015, lokacin da zafin Jimeta ya kai inda ko ƙadangare ba ya yarda ya taka siminti, ni da Kwanye muna zaune a gindin darbejiyar gidanmu a Luggere, gumi na ɗiga daga haɓarmu, muna kallon dusar ƙanƙara tana zuba. A cikin kwamfutar yayana Hamma Bello take zuba, fara fat, a hankali, kamar ana tankaɗen garin shinkafa. Mun ɗora kwamfutar a kan murfin randa don ta sha sanyi, saboda in ta ɗauki zafi sai ta mutu ba sallama. A tsakiyar farin nan akwai wata 'yar bukka, a cikinta wani ɗan mutum da bai fi ƙwayar gyaɗa ba yana zaune gaban wuta. A saman kansa an rubuta suna, Kwanye ce ta rubuta da hannunta: Baba.

Kwanye ta zo gidanmu ne a ƙarshen daminar da ta wuce, ita da mahaifiyarta Malama Rifkatu, ƙawar mahaifiyata Dada tun suna makarantar horon malamai. Daga wani ƙauye suka gudo a gefen Michika, rabin hanya a ƙasa, rabi a bayan motar kaya. Mahaifinta bai biyo su ba. Dawarsa ta fara nuna, ya ce ba zai bar ta wa tsuntsaye ba, su yi gaba, da ya yanke zai same su a Yola. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Dada ta kwashe buhuna daga ɗakin ajiya ta shimfiɗa musu tabarma, ni kuwa, da nake 'yar shekara goma sha biyu mai baki kamar reza, na sami abokiyar ɗiban ruwa. Tare muke tura baro zuwa famfon unguwa, tare muke ɓarar gyaɗa da tsince yakuwa, mu yi 'yar gala-gala a ƙofar gida har a kira mu da tsawa. Ranar Lahadi ta tafi coci, ni na tafi Islamiyya, mu dawo mu ci a kwano ɗaya. Kullum da la'asar mahaifiyarta kan yafa gyale ta tafi tasha ko makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira, tana tambayar duk wanda ya fito daga wajensu. Kullum ta dawo ba labari, ta wanke ƙafa.

Hamma Bello yana karatu a jami'a can Girei, in ya zo gida sai ya bar mana kwamfutarsa don mu ƙyale shi ya yi barci. A cikinta akwai wani gem, wasan kwamfuta da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba gudu, ba harbi. Za a ba ka 'yan mutane kaɗan a tsakiyar daji, da gatari da iri da 'yan awaki, kai kuma ka ce wannan ya sari itace, wannan ya yi gini, wannan ya yi noma. Suna jin yunwa, suna gajiya, ruwa na dukansu, in ka yi sakaci su mutu. Mutanen sun zo da sunayen Turawa da ba ma iya faɗa, sai Hamma ya nuna mana yadda ake sauyawa. Kwanye ta daɗe tana duban su, sannan ta zaɓi wani mai gemu da ya fi kowa iya noma, ta sa masa Baba. Ban tambaye ta dalili ba, ban ma yi mata tsiyar da na saba ba.

Muka gina gari irin na mutanen da suka san rana. Muka bar manyan bishiyoyi a tsaye saboda inuwa, muka yi rumfa a tsakar gida, muka buɗe wa ɗakuna tagogi ta ko'ina don iska ta ratsa. Gadaje ma a waje muka jera su, don wane mai hankali ne zai kwana a ɗaki in ba damina ba? Hamma ya leƙo sau ɗaya ya ce mu tara itace da yawa, muka yi masa dariya, mutum nawa ne a garin da za su cinye wannan itacen a girki. A wurinmu sanyi rahama ne. Iyakarsa ka sa rigar sanyi da safe, ka sha kunu mai zafi, kafin hantsi ka tuɓe ta.

Wajen shuka ne muka yi babban aikin. Ciyawa ta tsiro a gem ɗin, yayyafi na sauka jefi-jefi, na ce mu shuka. Kwanye ta riƙe mini hannu. "Wannan ba ruwa ba ne," in ji ta da irin Hausarta. "Baba ba ya shuka da ruwan farko. Sai iska ya zo, sama ya yi baƙi, ƙasa ya jiƙa har nan." Ta nuna wuyan hannunta. Na je na tambayi Goggo Asta, ƙanwar kakanmu da ta yi noma a Ngurore tun tana budurwa, ta ce yarinyar nan ta fi ni hankali, ruwan farko yaudara ne, iri kawai yake ci. To wa zai ja da Goggo? Muka sa Baba ya yi huɗa, ya gyara gona tsaf, muka zauna jiran hadari ya taso daga gabas, irin mai kaɗa darbejiya ya sa kaji gudu. Muka yi ta jira. Ashe ƙasar da ke cikin kwamfutar nan ba ta da damina ko kaɗan. Ba ruwa take jira ba, ɗumi take jira, kuma ɗumin nata gajere ne. Duk kwanakin da muka ɓata muna duban sama, su ne kwanakin noman.

Da muka gaji muka shuka, lokaci ya ƙure. Ganyen bishiyoyi ya koma ja da ruwan ɗorawa, muka ce fari ne, muka sa a haƙa rijiya ta biyu. Sai wata rana farin abin nan ya fara sauka. Wallahi kyau ya yi mana. Muka kira yaran maƙwabta, muka zuba ido muna kallo, har nakan ji kamar sanyin na taɓa mini fuska alhali zanena ya jiƙe da gumi. Kafin mu farga shukar ta yi baƙi ta kwanta, rijiyoyin sun daskare, masu kwana a waje suka fara ciwo. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗuwa, kwamfutar na yin wani ɗan kiɗa mai taushi duk sa'ad da wani ya tafi. Hamma ya duba ya ce garin nan ya lalace, a goge a sake sabo, ai ba komai ba ne. Ban taɓa jin Kwanye ta ɗaga murya a gidanmu ba sai ranar. "Hamma, ba a goge mutum!" Ya dube ta, ya dubi sunan da ke kan ɗan mutumin, ya tashi ya ba mu wuri.

Daga nan wasa ya ƙare, aiki ya fara. Muka toshe tagogi, muka rushe rumfarmu mai kyau muka ƙona, muka ƙona gadajen, muka yanka awaki ɗaya-ɗaya. Da an kawo wuta sai mu bar wanke-wanke mu ruga, Dada na faɗa, mu ɗora kwamfuta kan randa, ni ina yi mata fifita da maficin kaba, Kwanye na lallaɓa Baba ya fita ya saro itace ya dawo kafin sanyi ya kama shi. Har ya rage shi kaɗai a garin. A ranar Asabar ɗin nan da na fara ba ku labari, itacen ya kusa ƙarewa, naman ma haka, kuma ba mu san saura kwana nawa sanyin ya wuce ba. Sai Kwanye ta danna dogon maɓallin nan na ƙasa, wanda ke tsayar da komai. Ƙanƙara ta tsaya cak a sama, harshen wuta ya tsaya. Ta ce a bar shi haka. Tun daga ranar, in mun kunna, kallonsa kawai take yi yana zaune gaban wutarsa, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sannan ta rufe. Na so in ga ƙarshen abin kamar in yi kuka, amma ban taɓa kai hannu ba.

Da hadarin gaske ya taso a shekarar, hanya ta buɗe, Malama Rifkatu ta ɗaure kayanta ta ce gona ba za ta jira ba, ita da Kwanye suka koma ƙauye. Sun sami gidan a ƙone, dawar an yanke rabi, rabi ta zube a ƙasa ta tsiro da kanta. Mahaifin Kwanye kuwa har yau ba gawa, ba labari.

Yanzu 'ya'yan Hamma Bello suna yin irin wannan gem a waya. Sun san ƙanƙara tun ba su iya tsarki ba, kuma in gari ya lalace sai su goge su sake, ko a jikinsu. An sare darbejiyar an yi shago, randar ta fashe, firiji ya maye gurbinta. Amma Hamma, da ba ya iya ajiye ko makullinsa, duk kwamfutar da ya sauya sai ya kwashe garin nan ya mayar cikin sabuwar. Bara Kwanye ta zo Jimeta wani kwas na malaman firamare, ta sauka a wurina, da goyonta. Bayan mun ci abinci na ɗauko na kunna. Yana nan inda muka bar shi, ƙanƙara na rataye a sama. Ta daɗe tana kallo, jaririn na wasa da ɗankunnenta, sannan ta ce, "Ya gaji da zama, Fadi. A bar shi ya je gona." Ta danna maɓallin da kanta. Wutar ta motsa, ɗan mutumin ya miƙe, ya ɗauki gatarinsa, ya buɗe ƙofa ya shiga cikin farin. Ba mu jira mu ga ko zai dawo ba, ita ce ta rufe kwamfutar, ta riƙe hannuna kamar ranar shuka.

Sai a ranar na ga Kwanye ta yi kukan babanta.