Alƙawarin Anti Tambaya

'Yata ce ta laƙa mata sunan, ya kuma bi ta. A sashen gashin ƙashi na asibitin yara, inda muke zuwa duk mako, har likitoci sun koma kiranta Anti Tambaya. Nas ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, da tabarau wanda ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta haura arba'in lokacin da ta koma jami'a neman digiri na biyu. Abin da ta zaɓa ta bincika shi ne yadda yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni suke koyon yi wa kansu hidima: cin abinci, sa kaya, goge baki, shiga banɗaki. Ba ta auna komai. Gida-gida take bi da 'yar rikoda a jaka, ta zauna a ƙasa, ta yi tambaya, ta saurara.

Ta taɓa gaya mini dalilinta muna tsaye a bakin asibiti muna jiran mota. Tana da wa da aka haifa da irin lalurar 'yata. Mahaifiyarsu ta yi masa komai da hannunta, don ƙauna, har ta rasu. Ya kai talatin bai taɓa riƙe buroshin goge baki ba. Yanzu yana gidanta, ita ke yi masa wanka kafin ta fito aiki.

"Hannunsa na hagu ƙalau yake," in ji ta. "Kawai dai ba a taɓa jiransa ba."

'Yar tamu muna kiranta Manaja, don daga kan kujerarta mai taya take juya gidan gaba ɗaya. Shekararta goma sha ɗaya. Ta sha wahala wurin haihuwa, abin ya taɓa ƙafafunta da hannuwanta da harshenta, amma bai taɓa wayonta ba. Maganarta a hankali take fita, sai ka saba kake ganewa.

Ranar da Anti Tambaya ta fara zuwa gidanmu ta tarar da Manaja tana fama da maɓallin riga. Matata ta miƙa hannu za ta taimaka.

"Maman Manaja, wuta ta kama ne?" in ji Anti.

"Shayinki zai huce."

"Ya huce. Ni da ma da sanyi nake sha, kamar magani."

Ta zauna a kan hannuwanta, tafukan a ƙarƙashin cinyoyinta. Ta ce haka take yi, don in ta bar su a sake sai su tafi taimako ba da izininta ba. Manaja ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ba ki da aiki ne?"

"Wannan ne aikin, ranki ya daɗe."

"Ana biyanki ki zauna?"

"Ni nake biya ma."

Manaja ta yi dariya har maɓallin ya kuɓuce mata, ta sake farawa daga farko.

Ba izinin iyaye kaɗai Anti take nema ba. Mu mun sa hannu, amma sai da ta durƙusa gaban kujerar ta tambayi yarinyar ko ta yarda a ɗauki maganarta. Manaja ta kafa sharaɗi: ni in fita, uwarta ta fita, kuma abin da za ta faɗa kada kowa na gidan nan ya ji shi.

"Ko Baba?"

"Baba ne ma na farko."

Anti ta yi mata alƙawari. Aka rufe ƙofa. Muna falo muna jin tashin muryoyinsu ba ma gane kalmomin, wani lokaci dariya, wani lokaci dogon shiru. Wata rana dabam ta dawo ta yi hira da ni kaɗai, a matsayina na uba.

Manaja ta rasu kafin binciken ya kammala. Ciwon huhu ne, bai ɗauki lokaci ba.

Bayan mutane sun watse, gidan ya koma namu mu biyu, na shiga wayata ina neman muryarta. Hotuna sun yi yawa. Bidiyo ma akwai, amma a duk cikinsu bakinta a rufe yake. Tun ranar da aka kunna mata muryarta a waya, 'ya'yan ƙanena suka yi dariya, ta daina magana da zarar ta ga an ɗaga waya. Na san yadda take cewa "Baba", tana jan harafin farko kamar mai ɗaga kaya mai nauyi. Amma na lura kullum sautin yana ƙara nisa a kaina, kuma ban san yadda ake riƙe shi ba.

Sai na tuna da rikodar.

Na sami Anti a ɗan ofis ɗinta, wanda take rabawa da sandunan guragu da takalman gyaran ƙafa. Ta ture wani kwali ta ba ni kujera. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Hirar tana nan," ta ce. "Sai na gama rubutu za a goge duka, haka ƙa'idar take. Amma ba zan ba ka ba, Baban Manaja."

"Ta rasu, Anti. Ni ne ubanta."

"Na sani. Da tana raye sai in je in ce, ranki ya daɗe, Baba yana roƙo, ki sake ni. Ƙila ta yarda, ƙila ta kore ni. Yanzu ba wanda zai sake ni."

"Ba maganar nake so ba. Muryar nake so."

"Ba su rabuwa."

Na tambaye ta ko yarinyar ta yi kuka da mu ne a ciki, ko akwai abin da muka yi mata da ba ta so.

"Wannan ma yana cikin abin da ba zan faɗa ba. In na ce a'a yau, gobe ka yi wata tambayar, in yi shiru, ka ɗauki shirun amsa."

Idonta ya cika amma muryarta ba ta yi rawa ba. Na yi mata sallama na fito. Ban gaya wa matata na je ba.

Ba a yi sati biyu ba sai ga ta da yamma, da kayan aikinta a jikinta. Ta zauna a ƙasa inda ta saba, ta fito da rikodar ta ajiye a kan tebur.

"Wannan hirarka ce," in ji ta. "Kai ka yi maganar, kai ke da iko da ita."

Na ce ba na bukatar jin kaina.

"Ni ma na gaji da jin ka, malam, kana da dogon bayani. Saurara dai."

Ta danna. Muryata ta fito, ina bayanin yadda muka sauya kofuna zuwa masu hannu biyu. Ina cikin magana sai aka ji ƙarar wani abu ya faɗi a ɗakin ciki, ya gangara a kan siminti. Muryata ta tsaya. Daga nesa, ta bayan ƙofa, wata murya ta ɗago a hankali:

"Kar wanda ya taso! Baba, da kai nake. Ni zan ɗauka."

Daga nan sai ƙarar tayar kujera, da nishi, da kofi yana zillewa. Ya ɗauki lokaci. A cikin rikodar ba wanda ya yi magana. Can sai:

"Na ɗauka. Ku ci gaba da surutunku."

Na manta da wannan sarai. Anti ta ce lokacin da take rubuta hirar ta tsallake wurin, don ba ya cikin amsata. Bayan zuwana ofis ne ta koma ta saurari hirar tun daga farko, da abin ji a kunne, tana neman abin da ke bayan maganata.

Ɗaya hirar, ta Manaja, an goge ta da aka kammala binciken. Anti ta kira ni kafin ta yi, don kada in ji daga baya. Ban sake roƙo ba. Har yau ban san abin da 'yata ta faɗa a ɗakin nan ba, na dai san ta sami wadda ta faɗa wa.

A yammacin da Anti ta kawo rikodar kuwa, matata tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta zo ta zauna kusa da tebur.

"Mayar baya," ta ce.

Anti ta juyo mata da rikodar, ta nuna mata inda ake dannawa.