Surukin da Ya Tsare Akwati

Har yau ban manta da wata Asabar ta zaɓe ba, lokacin da aka tura ni daga makarantarmu ta Dutsin-Ma na shugabanci wata rumfa a wani ƙauye cikin mazaɓar Rawayau. Ga waɗanda ba su taɓa aikin ba, ƙa'idar ita ce: a tantance mutum da na'ura, a ba shi takarda, ya dangwala a ɓoye, ya jefa a akwati. Ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi. Wanda ke ciki zai yi zaɓe ko da za a kai magariba, wanda ke waje kuwa sai wani jiƙon.

Kowace jam'iyya kan ajiye wakili ya sa ido. Ɗaya daga cikinsu wani dattijo ne, Baba Maikano. Tun safe ya dasa kujerarsa dab da akwatin, ko ƙiftawa ba ya son yi.

Wajen ƙarfe ɗaya na lura da wani magidanci a gindin tsamiya, katinsa a hannu. Zai taho, in ya kusa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida ƙasa, ya juya. Sau uku ina gani. Ni kuwa kun san ni, ba ni da haƙurin irin wannan. Na taka na same shi.

"Malam, lafiya? Zaɓe ka zo ko rawa?"

Ya sunkuyar da kai. Sunansa Sanusi, daga rugarsu ya tako da ƙafa tun hantsi. "Ranka ya daɗe, wancan na bakin akwati baban mai ɗakina ne. Yaya za a yi in tsaya a kansa?"

Na ce kunya ba ta cikin dokar zaɓe. Ya ce ya sani, amma tana cikin tasu. Wallahi haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Ga mutum ya yi tafiyar awa biyu don ƙuri'a ɗaya, za ta salwanta a kan taku goma. Kuma ba ni da ikon tada wakili daga mazauninsa, shi ma haƙƙinsa yake saukewa.

Saura minti ashirin a rufe layi na je na rusuna wa Baba Maikano, na faɗa masa a kunne. Bai ko waiwayi tsamiyar ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, wai da ni yake magana.

"Malam, ni ban ba da 'yata ga mutumin da zai koma gida da farin yatsa ba. Ka sa mini ido a kan akwatin nan, amana. Zan duba ko bangon makarantar nan ya tsage."

Ya ɗauki kujerarsa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango kamar ɗalibin da aka yi wa horo.

Sanusi ya taho da sauri, takalmi a hannu. Ina ɗaga kai sai ga wasu mutum uku sun ɓullo daga bayan aji, su ma takalma a hannu, sun bi bayansa. Ashe 'ya'ya huɗu tsohon ya aurar a yankin, sauran mazajen ukun tun safe suke laɓe. Layin mata ya kwashe da dariya, har mai dangwala tawada ta kasa riƙe kwalba.

Da na huɗun ya jefa, tsohon ya tambaya, fuskarsa na bango: "Sun ƙare?" Na ce sun ƙare, Baba. Ya ce, "To madalla. Na san biyu ba jam'iyyata suka yi ba, amma dai sun yi."

Tun daga ranar, duk rumfar da aka kai ni, kafin na rufe layi sai na zagaya bayan gini na leƙa gindin itace. Mutanenmu ba ƙin zaɓe suke yi ba, wani lokacin abin da ya tsayar da su ba ya cikin littafin horon da aka ba mu. Ku da za ku fita bana, ku riƙa leƙawa.